Ruwan Da Ba A Yi Wa Bismilla Ba

Ranar Talata ce, rana ta sunkuya bayan gidajen unguwar, hayaƙin murhu ya tashi daga kowane gida ya tsaya a sama don babu iskar da za ta kore shi. Bara'atu tana gindin murhu tana tuƙa tuwon dawa, 'yarta Wasila tana gefe tana tsince zogale, sai suka ji ƙarar babur ɗin maigidan a ƙofa. Babu abin mamaki a wannan, Tajuddeen kullum war haka yake dawowa. Abin da ya bambanta shi ne fararen jarkoki biyu da ya ɗauro a bayan babur, da fara'ar da ya shigo da ita tun daga zaure.

Shekara uku ke nan yana aiki a wata ƙaramar matatar ruwa ta gwaji da aka gina a bayan gari, ta hanyar Magami. Kafin a gina ta, wurin wani tsohon kududdufi ne da ake kira Baƙin Rami, inda kwatocin wannan ɓangare na Gusau suke juyewa: ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, da wanda ba a ambata a gaban abinci. Aka janye kududdufin, aka yi tafkuna a jere. Ruwa yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauke laka, ya ratsa yashi da gawayi, a sa masa magani, sannan ya fito ta famfo. Da fari masu lambu kaɗai ake ba wa. Yanzu kuwa, in ji Tajuddeen, an yi wata goma sha huɗu ana aika ruwan gwaji, sakamako yana dawowa iri ɗaya, har an fara maganar a ja shi zuwa unguwarsu, wadda ba ta san wani ruwa ba sai na 'yan garuwa.

A tsakar gida ya buɗe jarka ɗaya, ya cika moɗa, ya shanye a gabansu yana kallon matarsa ta saman moɗar. Bara'atu ta ce masa sannu da aiki, ta ci gaba da tuƙi. Duk wanda ya san ta ya san wannan shirun ba yarda ba ce. Mace ce mai ƙyanƙyami na gasken gaske, wadda in ƙuda ya sauka a bakin kofi sai ta wanke shi da toka sannan da sabulu, kuma takan yi alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata. Ya ce a yi girki da jarka ɗaya, ya kai ɗayar ɗakinsa, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci da wuri don ya ba mutane labari.

Ba za a ce ba ta gwada ba. Ta juye ruwan a babbar tukunya ta ɗora, tana ganin ko wuta za ta cire mata abin da ke ranta. Ruwan ya tafasa, fari tas, babu wari babu ƙura. Amma duk lokacin da ta leƙa tukunyar, Baƙin Rami take gani, da korayen ƙudajensa da mushen kare da ta taɓa gani yana yawo a kai.  Ta ce wa Wasila ta kama tukunyar ta juye a rariya kafin babanta ya dawo, sai su cika jarkar da ruwan garuwa, wa zai gane?

Wasila shekararta goma sha biyar, kuma 'yar fari ce, don haka uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". A hannun kakarta ta wajen uba, Inna Zuwaira, ta yi yarinta a Bungudu, can kuma aka koya mata tun kafin ta iya ɗaura zane cewa ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bismilla, balle a rariya, balle da magariba, domin akwai masu zama a irin waɗannan wurare kuma sunan Allah ne sallamar da ke sa su kauce. Ta ɗauki tukunyar da tsumma, ta tsaya a bakin rariya, ta buɗe baki. Ta kai ga "Bis" ke nan uwarta ta katse ta.

"Ke, kak ki ambaci sunan Allah bisa ruwan masai. Tuntsure shi kawai."

Yarinyar ta juye. Tururi ya taso ya rufe mata fuska. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, kuma a ƙarƙashin muryarsa, daga cikin ramin rariyar, wani kuka ya fito siriri, irin na jaririn da aka tsoma wa ƙafa a abin da bai zata ba. Kajin da ke shirin shiga akurki suka tsaya cak. Kukan ya yi tsawon numfashi uku ya ɗauke. Wasila ta saki tukunyar, ta dafe hannunta na dama, ta ce yana yi mata zafi, alhali ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Bara'atu ta ce mage ce. Ta faɗa da ƙarfi, ta maimaita, ta cika jarkar da ruwan garuwa. Da Tajuddeen ya dawo ya ci tuwo ya yaba, ya ce ka ji miyar ruwan matatarmu, ita kuwa ta kasa haɗiye loma ko ɗaya.

Washegari da la'asar sakaliya aka fara jifa. Dutse ɗaya ya sauka a kan kwanon ɗakin girki, ya gangaro a hankali, ya faɗo gaban Bara'atu. Jiƙaƙƙe ne, da baƙar laka a jikinsa, ga shi an yi wata biyar rabon da a ga ruwan sama. Bayansa wani ya biyo, sannan wani. Tajuddeen ya fita da sanda ya zagaya gidan sau biyu bai ga kowa ba. Ana kiran magariba jifan ya tsaya. Da Bara'atu ta buɗe randa za ta ɗebi ruwan alwala, sai ta tarar ya yi baƙi ƙirin, yana warin da duk wanda ya taɓa bi ta Baƙin Rami ya sani.

Ranar Alhamis Wasila ta daina shan ruwa. Ba gardama take yi ba. In an miƙo mata moɗa sai ta ja da baya har ta haɗu da bango, idanunta a kan ruwan, tana huci. Hannunta na dama ya tashi da bororo daga wuyan hannu zuwa gwiwa, irin na ƙunar tafasasshen ruwa. Aka kai ta asibiti, aka duba aka ce ba a ga komai ba sai ƙarancin ruwa a jiki, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ta fizge allurar sau uku, na ukun kuwa ma'aikata biyu ne suke riƙe da ita. Suka dawo gida da maganin shafawa.

Labari ba ya kwana a unguwar nan. Lantana, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, ita ta fara cewa ai Tajuddeen ya kwaso aljanun Baƙin Rami a jarka ya kawo gida, kuma su ne ake so a ja wa kowa ta famfo. Kafin Juma'a maganar ta kai masallaci. 'Yan garuwa suka daina tsayawa a ƙofarsu, sai Tajuddeen ya ɗauko ruwa da kansa daga wata unguwa, kuma kowane irin ruwa ya kawo, ko na leda ne, da rana ta yi ja sai ya koma baƙi. Mutumin da ya shigo da fara'a ranar Talata ya zama ba ya iya ɗaga ido ya dubi 'yarsa. Ya yarda shi ne sanadi. Bara'atu ta ji shi a ɗaki yana kuka a sujada yana cewa a ɗora masa, a sauke wa yarinyar.

Ita kuwa ta san gaskiya, kuma sanin yana cin ta kamar gara a azara. Sau biyu ta tsaya a ƙofar ɗakinsa za ta faɗa. Amma faɗar na nufin ta ce ta yi masa ƙarya, ta ci da shi tuwon ƙarya, ta bar gari yana zaginsa, sannan da bakinta ta hana 'yarta ambaton Allah. Kunya ta fi ƙarfinta, tsoro ma haka. Sai ta koma ta zauna kusa da Wasila tana goga mata jiƙaƙƙen tsumma a leɓe, yarinyar tana kawar da kai. Leɓunan sun tsattsage, idanun sun faɗa ciki. Da yamma kuma, in inuwar katanga ta kai bakin rariya, sai a ji muryoyi ƙasa-ƙasa daga cikin ramin, ba a gane abin da suke cewa, sai dai a tsakiyarsu akwai wata mace da ke rarrashin yaro.

Ranar Asabar da hantsi Inna Zuwaira ta sauka daga motar Bungudu da ƙullin kayanta. Ta duba hannun jikarta, ta shinshina randa, ta je ta tsaya a bakin rariya ta daɗe. Da ta juyo, surukarta ta kalla, kallo mai tsawo, amma ba ta tambaye ta komai ba. Ɗanta ta ce wa ya kama hanyar Tsafe yanzu-yanzu ya ɗauko Malam Uwaisu, mai yi wa aljanu karatu, kuma ya tabbata sun juyo da sauran rana, don hanyar ba ta biyuwa in duhu ya yi.

Suka iso ana sallame la'asar. Malam Uwaisu ɗan tsurut ne, farin gemu, da tsohuwar jakar fata a kafaɗa, kuma bai yi kama da wanda aljani zai ji tsoro ba. Ya gaisa da kowa a natse, ya tsokani Inna Zuwaira cewa tsufa ya riga shi isa gare ta, sannan ya ce a ba shi ruwa ya sabunta alwala. Aka buɗe randa, baƙi. Aka buɗe bokiti, baƙi. Butar da ya zo da ita daga Tsafe ma, da ya karkata ta, laka ce ta fito. Ya tambaya ko babu sauran wani ruwa a gidan gaba ɗaya. Tajuddeen ya sunkuyar da kai ya ce akwai jarka ɗaya a ɗakinsa, amma ita ce ta jawo musu wannan masifa, ya rasa inda zai zubar da ita ne kawai.

Malam ya ce a kawo. Ya zuba a farin kwano, ya fita da shi tsakar gida inda akwai sauran haske. Ya duba, ya shinshina, ya ɗiba da tafin hannu ya kurɓa. Ya sa Tajuddeen ya yi masa bayanin aikin tun daga bakin kwata har bakin famfo, yana tsayar da shi yana tambaya, har da wa yake gwajin da sau nawa. Daga nan ya ce lafiyar ciki dai masu gwaji suka san ta, shi abin da ya karanta tsarki ne, kuma ruwan da launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa suka koma yadda aka saukar da shi daga sama, shi bai ga abin da zai hana a tsaya gaban Allah da shi ba. Ya tsuguna ya yi alwala. Bara'atu ta kawar da kai lokacin da ya kurkure baki. A bayan katanga aka ji wata ta ja salati, ashe Lantana da wasu mata biyu sun hau turmi suna leƙe.

"Duk ruwan gidanga sun taɓa," in ji Malam yana share gemu, "wanga ɗai sunka bari. Ba wanda yat tambayi kanai dalili?"

 Aka fito da Wasila aka kwantar a tabarma a inuwar ɗaki, kakarta ta riƙe mata kai. Malam ya zauna ya ajiye kwanon a gabansa, ya fara karatu da murya ƙasa. Duwatsu suka soma sauka a kan rufin ɗaki, ɗaya-ɗaya, sannan da yawa, bai ɗaga kai ba. Inuwar katanga tana tafiya a hankali zuwa bakin rariya. Da ta kai, jifan ya tsaya. Wasila, wadda tun jiya ba ta iya ɗaga wuyanta, ta tashi zaune a miƙe, ta tanƙwashe ƙafafu kamar tsohuwa a bakin kasuwa. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ta wata dattijuwa ce, a dishe, a gajiye.

Malam ya yi mata sallama, ta ƙi amsawa. Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba abin da zai saya masa. Ya tambayi daga ina take, sai ta nuna Tajuddeen da hannun nan mai bororo. Ta ce a Baƙin Rami aka haife ta, can aka haifi uwarta, suna zaune cikin abin da mutane suka zubar suka juya wa baya, ba su taɓa neman na kowa ba. Rana ɗaya aka zo da injuna, ba sallama ba gargaɗi, aka janye musu gida. Suka koma tafkunan, tafki na farko da dama-dama, na biyu da ƙyar, daga nan ruwan ya fara yi musu tsarki har ba ya zaunuwa. Sai suka watse cikin kwatocin gari, kowa ya nemi inda zai raɓa. Ita da ƙaramar 'yarta suka samu rariyar gidan nan, suka zauna shekara biyu, ko cokali ba su taɓa ɗauka ba.

Malam ya ce to me ya canja. Ta yi dariya marar daɗi, ta ce 'yarta tana kwance a ƙone tun ranar Talata, ba ta iya haɗiye komai, don haka wannan ma ba za ta haɗiye ba. In tata ta tashi, wannan ta tashi. In tata ta tafi, su tafi tare.

Tajuddeen ya durƙusa. Ya ce shi ne ya janye ramin, shi ya kawo ruwan, a bar yarinyar a kama shi. Ya ce in ramin suke so zai bar aikin gobe, zai je ya faɗa wa kowa ruwan ba shi da kyau, zai tsaya a masallaci ya ƙaryata kansa, a rufe famfon, kwata ta koma inda take zuba. Idanun da ke fuskar Wasila suka yi haske. Muryar ta ce ya rantse, in ya rantse za ta duba lamarin. Malam ya ɗaga hannu zai hana shi, amma uba da ke kallon leɓunan 'yarsa ba ya ganin hannun kowa. Ya ɗaga yatsa sama, ya buɗe baki.

Bara'atu tana tsaye a ƙofar ɗakin girki. Ta ga mijinta zai rantse ya rushe aikin shekara uku, ya mai da kansa maƙaryaci a gaban gari, a kan laifin da ita ta yi, kuma ko ya yi ba a ce za a saki yarinyar ba, an dai ce za a duba. Ta ga matan da ke kan katanga. Ta taka har bakin tabarmar.

"Malam, kas shi rantse. Ba shi na ba, ni ta." Bara'atu ta dafa ƙirjinta. "Ni nit tahwasa ruwan, nis sa a zubar a rariya da magariba. Yarinyar ta ɗauko bismilla, ni nih hana ta. Na ce ba a ambaton Allah bisa ƙazanta. Tuwon da kac ci ran nan, maigida, da ruwan garuwa anka yi shi."

Tajuddeen ya sauke yatsansa a hankali. Ya kawar da kai daga gare ta, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Inna Zuwaira ta rufe ido ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Wuyan Wasila ya juya, idanun suka sauka a kan uwarta.

"Ruwan zahi mun saba da shi," in ji muryar. "Kowane gida na zubawa, su ambaci suna, mu kauce. Ɗiyarki ta buɗe baki, na jiya, na miƙa hannu in jaye tawa ɗiya. Saura kaɗan in kai gare ta kinka katse."

Nan Bara'atu ta zube. Ba ta yi tunanin aljana take yi wa magana ba, uwa ta gani wadda hannunta ya kusa kaiwa bai kai ba. Ta nemi gafara da kalmomin da suka zo mata, ba tsari, tana kuka, tana cewa ƙyanƙyami ne da jahilci, ba mugunta ba, in ƙuna ce a mayar hannunta. 

Sai ciniki ya fara, kuma Malam Uwaisu ya nuna ba a banza gemunsa ya yi fari ba. Ta nemi jinin baƙar akuya a bakin rariya, ya ce ba a yanka don wanin Allah, kada ta sake tambaya. Ta nemi a mayar musu da Baƙin Rami, ya ce gari guda ba zai zauna da ƙishirwa da amai da gudawa don su samu wurin kwana ba, amma ya yarda an zalunce su da aka tashe su ba sallama. Ya juya ga Tajuddeen ya tambaye shi ina lakar da ake cirewa take zuwa. Tajuddeen ya ce akwai wani rami can ƙarshen matatar, bayan ciyayi, inda ake tara ta ta bushe, ba mai zuwa wurin sai sau biyu a shekara in za a kwashe wa manoma. Malam ya ce to ga gida. Su koma can, kuma duk ranar da za a kwashe, Tajuddeen da kansa zai je kwana uku kafin nan ya tsaya a baki ya yi sallama sau uku. Game da 'yar aljanar kuwa, zai roƙa mata sauƙi wurin Wanda ya halicce su duka, abin da yake da shi ke nan.

Muryar ta ce bai isa ba. Malam bai yi gardama ba, sai ya jawo kwanon da ya yi karatu a kai, ya tsoma yatsu, ya ɗaga su suna ɗiga. Jikin Wasila ya ja da baya har kan kakarta. Muryar ta ce ya sauke hannunsa, ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya nata: matar gidan nan, muddin tana raye, kada ta sake taɓa ruwa, na sha ne ko na zubarwa, ba tare da ta ambaci sunan a bayyane ba, yadda na ƙasa za su ji. Bara'atu ta ce ta ɗauka. Malam ya sa aljanar ta maimaita alkawarin sau uku, ya koma karatu da ƙarfi. Wasila ta yi atishawa, ta sake, ta sake, sannan ta sulale a cinyar Inna Zuwaira.

Daga cikin rariya aka ji motsi kamar na ƙananan ƙafafu masu yawa a cikin ruwa marar zurfi, yana nisa, yana nisa, har ya fita ta ƙarƙashin katanga. Warin da ya kwana uku a gidan ya bi bayansu. Wata kaza ta yi ƙoƙ, ta shiga akurki. Can ladan ya gyara murya.

Wasila ta buɗe ido. Ta dubi fuskokin da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, ta motsa busassun leɓunanta, da ƙyar aka ji ta ce ƙishirwa. Inna Zuwaira ta yunƙura za ta nufi randa, sai ta tuna abin da ke ciki. Ruwa mai shayuwa ɗaya ne a gidan. Malam Uwaisu bai zuba da kansa ba, bai kuma miƙa wa uban ba. Ya tura jarkar da bayan hannunsa zuwa gaban Bara'atu, ya ajiye moɗa a kai.

Ƙarya ne a ce ƙyanƙyamin ya tafi tare da aljanun. Yana nan tare da ita lokacin da take karkata jarkar, kuma Baƙin Rami ya zo mata a ido kamar ranar Talata. Mijinta yana kallonta, surukarta tana kallonta, Lantana ma ba ta sauka daga turmi ba. Ta riƙe moɗar da hannu biyu, ta yi bismilla cikakkiya tun daga farkonta har ƙarshe, da muryar da ta tsallaka katanga. Ta kai bakinta ta sha kurɓi uku. Ruwa ne, mai ɗan sanyin ɗaki, ba wani abu ba.

Ta tallafo kan 'yarta, ta ɗora mata bakin moɗar a leɓe.

"Wasila," in ji ta, karo na farko tun ranar suna. "Sha."

Yarinyar ta shanye har tana sarƙewa, ta miƙo moɗar da hannun nan mai ƙuna a ƙaro mata.